Ta Ina Asid Mai Hana Lalacewa Yake Shiga Cikin Ƙwayar Yis? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa ɗauko gorar zoɓo bayan kwana biyu babu wuta, ya tarar ta kumbura tana shirin tsayawa da gindi a zagaye, ya murɗa marfi ta yi huci, to ya ga aikin yis da idonsa. Masu sana'ar kayan sha da yawa sun san akwai wani farin gari da ake zubawa don hana wannan, amma kaɗan ne suka san abin da garin yake yi bayan ya narke. Shi ya sa wata za ta zuba ya yi mata aiki, maƙwabciyarta ta zuba irinsa a wani abin sha daban ta yi asarar jari. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan abu ɗaya suke zagayawa: maganin ba ya komai sai ya shiga cikin ƙwayar yis, kuma tsamin abin shan ne ke yanke hukuncin ko zai shiga.

Yis ɗin da ke ɓata abin sha, shi ne wanda ake sa wa a burodi da fanke?

Wani lokaci shi ne, wani lokaci 'yan uwansa ne. Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, dangin fumfuna. Ƙanƙantarsa ta kai a jera kamar 200 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Na burodi sunansa a kimiyya Saccharomyces cerevisiae, kuma idan ya faɗa cikin lemo mai sukari zai yi abin da yake yi a cikin kwaɓin fulawa: ya ci sukari, ya fitar da iskar gas da barasa. A kwaɓi ana murna, a cikin kwalba kuwa asara ce.

Wanda ya fi ba masana'antu ciwon kai shi ne Zygosaccharomyces bailii. Shi ne gwanin ɓata lemon 'ya'yan itace, mayonis, ketchup, miyar salak da ruwan sukari mai kauri. Ba ya sa cuta, amma yana sa abin sha ya yi gajimare, ya yi laka a gindin kwalba, ya canza ɗanɗano, wani lokaci ma iskar da yake tarawa ta fasa kwalbar. Za mu dawo kansa, don labarinsa na da tsawo.

Waɗanne asid ne ake magana a kansu?

Manyan su huɗu ne. Akwai asid benzowik, wanda a jikin kwalba za ku ga lambarsa E210, ko kuma gishirinsa sodiyom benzowet mai lamba E211. Akwai asid sobik, E200, da gishirinsa fotasiyom sobet, E202. Akwai asid asetik, wato tsamin binega, E260. Sai asid furofiyonik da gishirinsa na kalsiyom, E282, wanda masu gidajen burodi suka fi sani.

Dukansu ana kiran su raunanan asid. Raunin a nan ba ya nufin ba su da ƙarfin aiki. Yana nufin idan sun shiga ruwa ba sa rabuwa gida biyu gaba ɗaya, saɓanin asid mai ƙarfi irin ruwan batir. Wani kaso yana rabuwa, wani ya zauna a haɗe, kuma wannan hali nasu shi ne sirrin aikinsu baki ɗaya.

Ba sababbin abubuwa ba ne. Masanin sinadarai na Jamus, August Wilhelm von Hofmann, ya fara samo sobik a 1859 daga man 'ya'yan wata bishiyar ƙasashen sanyi mai suna Sorbus aucuparia, daga nan sunan ya fito. Shi kuwa benzowik, tun 1875 Ernst Salkowski ya nuna yana hana fumfuna da makamantansu yaɗuwa.

Me ya sa dole sai ya shiga ciki? Tsamin da ke waje bai isa ya hana yis ba?

Bai isa ba. Tsami yana korar yawancin bakteriya, shi ya sa kayan sha masu tsami ba su cika zama gidan cuta ba. Amma yis ya saba da tsami tun asali, gidansa fatar 'ya'yan itace ne da ruwan cikinsu. Yana iya rayuwa a ruwan da ma'aunin tsaminsa, wato pH, wanda lambarsa take raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauka zuwa 3 ko ƙasa da haka, alhali cikinsa yana riƙe da shi kusa da 7, inda babu tsami babu kanwa. Yadda mai rumbu yake tsare hatsinsa a bushe duk ruwan da ake shekawa a waje, haka yis yake tsare cikinsa.

Abin da ke sa ruwa tsami shi ne wani ɗigon haidirojin mai ɗauke da cajin lantarki, wanda masana ke kira furoton. Wannan ɗigon ba ya iya ratsa fatar yis da sauƙi. Saboda haka idan ana so a zuba wa yis tsami a cikinsa, sai an nemi wanda zai ɗauki haidirojin ɗin ya shigar da shi a ɓoye. Aikin da raunanan asid suke yi ke nan.

To ta ina yake shiga?

Ƙwayar yis tana da katanga biyu. Ta waje bango ne mai kauri da aka gina da wasu nau'o'in sukari masu tauri da furotin. Ganinsa da ban tsoro, amma ga ƙananan abubuwa irin su benzowik tamkar zana ce, ruwa da abin da ke cikinsa suna wucewa. Ainihin mai gadi ita ce fata ta ciki, siririya ƙwarai, wadda aka yi da layi biyu na maiƙo. Tsakiyarta mai ne zalla.

Kowa ya san ruwa da mai ba sa shiri. Gishiri yana narkewa a ruwa, amma a zuba shi a man gyaɗa sai ya kwanta a ƙasa yadda yake. Dalili kuwa gishiri caji gare shi, kuma duk abu mai caji ruwa yake kama shi ya lulluɓe shi, ba ya yarda ya shiga mai. Wannan ita ce dokar ƙofar. Mai caji ya tsaya a waje, wanda ba shi da caji kuma yake iya narkewa a mai ya wuce. Tun wajen ƙarshen shekarun 1890 Charles Ernest Overton, yana aiki a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya lura cewa gwargwadon yadda abu yake son mai, gwargwadon saurin shigarsa cikin ƙwayar halitta.

Yanzu mu dawo ga asid ɗinmu. A cikin lemo yana da kama biyu. Idan yana riƙe da haidirojin ɗinsa, a haɗe yake, ba shi da caji. Idan ya sake shi, ya rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da caji. Na haɗen ne kaɗai yake narkewa cikin maiƙon fatar, ya ratsa ta, ya faɗa cikin ƙwayar. Ba ya neman ƙofa, ba ya bukatar wani ya ɗauke shi, yis ba ya kashe ko ɗigon ƙarfi wajen shigo da shi. Daga inda ya yi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi kaɗan, kamar yadda ƙamshin turaren wuta yake bin labule ya shiga ɗaki na gaba. Ga benzowik da sobik abin yana faruwa cikin 'yan mintoci.

Wannan doka ce ta sa ƙarfinsu ya bambanta. Benzowik da sobik suna son mai sosai, don haka ɗan kaɗan ya isa. Asetik ya fi son ruwa, shigarsa ba ta kai tasu sauƙi ba, kuma sai an zuba da yawa kafin ya yi tasiri. Shi ya sa abincin da aka adana da binega kowa yake jin tsaminsa a baki, amma ba a cika jin benzowet a lemo ba. Asid sitirik, tsamin lemon tsami, shi ma rauni gare shi, amma ya cika son ruwa har ba ya iya ratsa fatar ta wannan hanya. Aikinsa a waje yake, kuma za mu ga muhimmancin aikin nan gaba kaɗan.

Abin da na saya a kasuwa sodiyom benzowet ne, gishiri ne ba asid ba. Ya aka yi ya zama asid?

Abin shan da kika zuba shi a ciki ne yake mayar da shi asid. Ana sayar da shi a siffar gishiri ne saboda ya fi narkewa: asid benzowik gram 3 da 'yan kai kawai yake narkewa a lita ɗaya ta ruwa, gishirinsa kuwa ya haura gram 500. Da zarar ya narke, sai ɓangaren benzowet ya tsinci haidirojin daga cikin tsamin lemon ya riƙe, ya koma asid na haɗe. Idan lemon ba shi da tsami, babu abin da zai tsinta, haka zai yi ta yawo da cajinsa a wajen ƙwayar yis ba tare da ya yi mata komai ba.

Kowane asid yana da wata lamba da ake kira pKa, wato matakin pH da rabinsa yake haɗe, rabinsa rabe. Ta benzowik kusan 4.2 ce, ta sobik da asetik kusan 4.76, ta furofiyonik kusan 4.87. Ga yadda lissafin benzowik yake tafiya: a pH 3.2, kusan kashi 91 cikin 100 a haɗe yake, a shirye ya shiga. A 4.2, kashi 50. A 5.2, kashi 9. A 6.2, kashi 1 kacal. Garin ɗaya ne, cokalin ɗaya ne, amma mai aiki a cikinsa ya ragu kusan sau 90 tsakanin na farko da na ƙarshe.

Shi ya sa ke nan yake riƙe mini zoɓo amma kunun aya ya lalace?

Ƙwarai kuwa. Zoɓo mai tsami ne tun daga ganyensa, pH ɗinsa yakan tsaya wajen 3 ko ƙasa. Ruwan tsamiya ma haka. A irin waɗannan, kusan duk abin da aka zuba yana cikin siffar da za ta shiga yis. Kunun aya sabon haɗi da madarar waken suya kuwa suna sama da 6. A can benzowet kusan ado ne kawai. Sobet ya ɗan fi shi dama-dama saboda lambarsa ta fi girma, amma shi ma idan aka haura 6 ƙarfinsa ya ragu sosai. Ƙari a kan haka, a abin sha marar tsami ba yis ne kaɗai abin tsoro ba, bakteriya masu sa gudawa da amai ma suna samun wurin zama. Kunun aya maganinsa sanyi ne da sayarwa da wuri.

Akwai wani kuskure da ya kamata masu zoɓo su lura da shi. Wasu suna jefa 'yar kanwa ko bakar soda don kashe tsami, a rage yawan sukarin da za a sa. Ɗanɗano yana gyaruwa, launi ya ƙara duhu. To amma kanwa tana cinye haidirojin ɗin da benzowet yake bukata. Idan kika kashe tsamin sannan kika zuba maganin, kin kwance masa makami da hannunki. A ganina wanda zai sa zoɓonsa a gora ya ajiye, gara ya bar masa tsaminsa.

Kamfanonin lemo sun san wannan, shi ya sa da wuya ku ga E211 a jikin kwalba ba tare da E330, wato sitirik, a kusa da shi ba. Ɗaya yana saukar da pH, ɗaya yana shiga.

Idan zai iya shiga da sauƙi haka, me zai hana shi fita?

Nan ne abin ya yi kama da asusu. Kwabo yana shiga ta tsaga, amma ba ya fitowa ta nan. Asid ya shigo a haɗe daga lemo mai tsami, sai ya tarar da cikin yis babu tsami. A irin wannan wuri ba ya iya riƙe haidirojin ɗinsa, nan take ya sake shi. Yanzu ya zama gida biyu masu caji, kuma mun riga mun ce mai caji ba ya ratsa maiƙo. Ya maƙale.

Tunda wanda ya shigo ya rabe, adadin na haɗe a ciki ya sake yin ƙasa, sai wani ya biyo baya daga waje, shi ma ya rabe. Haka za a yi ta yi har sai na haɗen ciki ya yi daidai da na haɗen waje. Kafin a kai nan, abin da ya taru ba kaɗan ba ne. A lissafi, idan lemo yana pH 3.2, cikin yis kuma yana 6.2, benzowik zai taru a ciki ya ninka na waje kusan sau 90. Idan cikin yana 7.2, ninkin ya haura 900. A zahiri ba a kaiwa can, saboda haidirojin ɗin da ake ta saki yana saukar da pH na ciki, tarin ya tsaya a hanya. Amma wannan saukar ita ce ɓarnar da ake nema tun farko.

Wace ɓarna yake yi a ciki?

Ta farko ita ce tsamin da ya zuba. Furotin ɗin da ke gudanar da ayyukan ƙwayar an gina su ne su yi aiki a pH kusa da 7. Wani bincike da ya fito a 1983 ɗauke da sunan Hans Krebs, wanda ya ci kyautar Nobel kuma ya rasu shekara biyu kafin fitowar aikin, ya nuna benzowik yana saukar da pH na cikin yis har wani inzam, wato ɗaya daga cikin waɗannan furotin, da ke farkon layin sarrafa sukari ya daina aiki. Ga sukari cike da kwalba, amma yis ba ya iya cin moriyarsa yadda ya kamata.

Ta biyu ita ce tarin ɓangaren da ya maƙale, wanda yawansa kaɗai yana dagula lamuran ƙwayar. Ta uku kuma a jikin fatar take: asid mai son mai ba wucewa kawai yake ba, wani kaso yana zama cikin maiƙon, ya hargitsa tsarinsa, ya takura furotin ɗin da ke aiki a wurin.

An daɗe ana ɗaukar cewa duk raunanan asid hanya ɗaya suke bi, amma sobik ya ƙi bin layi. Malcolm Stratford da abokin aikinsa sun nuna a 1998 cewa adadin sobik da ke hana yis girma bai kai ya zuba tsami mai yawa a ciki ba, don haka ɓarnarsa ta fi ƙarfi a kan fata. Daga baya, a 2020, masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka nuna sobik ya fi dukan numfashin ƙwayar, wato samun ƙarfi ta amfani da iskar oksijin. Wannan ya warware wani tsohon mamaki: nau'o'in yis da suka dogara da numfashi suna faɗuwa da wuri, waɗanda kuma suka iya rayuwa ta hanyar tsimi, su mayar da sukari barasa da gas, suna jurewa. Kuma su ne dai masu kumbura kwalba.

Duka ta cikin maiƙo suke bi, ko akwai wata ƙofa?

Ga benzowik da sobik, maiƙo ne babbar hanya. Ga asetik akwai ƙari. Yis ɗin burodi yana da wata 'yar kafa ta furotin mai suna Fps1, wadda asali aikinta fitar da gilisarin ne idan ruwa ya yi wa ƙwayar yawa. A 2007 Mehdi Mollapour da Peter Piper suka ba da rahoton cewa asetik na haɗe yana bi ta wannan kafa, kuma idan yis ya ji shigarsa, wani furotin mai suna Hog1 yana yi wa kafar alama, a janye ta daga fatar a rushe ta. Mai gida ya gano ta inda ɓera ke shigowa, ya toshe ramin.

Akwai kuma ƙofofin da yis yake buɗewa da gangan, irin su Ady2, don shigo da asetet, wato asetik da ya saki haidirojin ɗinsa, a matsayin abinci. A yis ɗin burodi waɗannan a rufe suke muddin akwai sukarin gulukos, saboda haka a cikin lemo ba su da wani tasiri sosai.

Shi yis zama yake yi kawai a cika shi da asid?

Ina fa. Yana da famfo biyu. Na farko sunansa Pma1, yana zaune a fatar, aikinsa tura haidirojin waje. Dama shi ne yake riƙe pH na ciki ko babu magani, idan asid ya shigo sai ya ƙara himma. Na biyu sunansa Pdr12, wanda ƙungiyar Piper ta bayyana aikinsa a 1998: shi yake tura ɓangaren benzowet da sobet da ya maƙale zuwa waje. A ranakun zaman lafiya kaɗan ne a fatar. Idan maganin ya shigo, wani furotin mai suna War1 yana tayar da ƙwayar gadon da ke ƙera shi, sai a yi ta ƙera shi da yawa. Tun 1977 Alan Warth na hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya ya yi hasashen akwai irin wannan famfo, shekara ashirin da ɗaya kafin a kama shi da suna.

Sai dai ku duba abin da ke faruwa a waje. An turo haidirojin, an turo benzowet, sun haɗu a cikin lemo mai tsami, sun sake haɗewa, sun sake ratsa fata sun dawo. Mutum ne yake kwashe ruwa daga ɗaki da kwano alhali rufin yana yoyo. Kowane kwano kuma da kuɗinsa, domin famfunan biyu da makamashin ƙwayar suke aiki, wanda ake kira ATP. Ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma da haihuwa sai ya ƙare a aikin baban giwa. Shi ya sa yis ɗin da ke son tsira da gaske ba ya tsayawa a famfo kaɗai, yana sauya ginin fatarsa da bangonsa don rage yoyon.

Me ya sa Zygosaccharomyces bailii ya gagari kowa?

Domin ya haɗa dabaru da yawa a jiki ɗaya. Wasu irinsa suna iya girma ko an zuba sobik ko benzowik fiye da abin da doka ta yarda a sa a abin sha.

Fatarsa daban ce. Masu bincike a Jami'ar Chalmers da ke Gotenbag a Suwidin sun auna maiƙonta a 2013, suka tarar da wani nau'in maiƙo mai dogayen jela, wanda ake kira sifingolifid, ya yi yawa a cikinta fiye da na yis ɗin burodi. Aikin da suka ci gaba da shi ya nuna irin wannan fata ta fi kauri da matsewa, asetik yana shan wuya kafin ya ratsa ta. Bayan haka yana iya cin asetik a matsayin abinci ko da akwai gulukos a gabansa, abin da ɗan uwansa na burodi ba ya yi. Idan akwai oksijin ma yana iya farfasa benzowet da sobet.

Amma dabarar da ta fi ba ni mamaki ita ce wadda Stratford da abokansa suka bayyana a 2013. Sun tarar ba dukan ƙwayoyin ne suke da wannan taurin kai ba. 'Yan ƙalilan ne a cikin taro, kuma abin da ya bambanta su shi ne cikinsu ya fi na saura tsami tun kafin magani ya zo. Ku tuna lissafin asusu: gwargwadon tazarar da ke tsakanin pH na waje da na ciki, gwargwadon tarin. Idan ciki ya sauka daga 6.2 zuwa 5.2, ninkin benzowik ya faɗo daga kusan 90 zuwa kusan 10. Waɗannan ƙwayoyi suna girma a hankali, amma idan magani ya kwantar da saura su ne suke ci gaba, su cika kwalbar bayan makonni. Kuma idan aka raine su a inda babu magani, zuriyarsu takan koma kamar kowa.

Ma'anar wannan ga mai sana'a a fili take. Idan ƙwayoyi goma suka shiga gora, da wuya a sami mai taurin kai a cikinsu. Idan dubbai suka shiga, daga gorar da ba a wanke da kyau ba, ko mazurari, ko bokitin jiya, to kusan tabbas yana ciki.

Gaskiya ne sa ɗan kaɗan ya fi rashin sawa illa?

Akwai ƙamshin gaskiya. Yis ɗin da ya zauna cikin magani marar ƙarfi yana samun lokacin ƙera famfunansa da gyara fatarsa, idan ya koma cikin mai ƙarfi daga baya ya riga ya shirya. A masana'anta wannan yakan faru a ragowar lemon da ya zube ya gauraya da ruwan wanki a ƙasa ko cikin bututu. A gida kuma, a gindin bokitin da aka ɗauraye sama-sama.

Wani lokaci abin sha yana warin kananzir, alhali babu kananzir kusa. Daga ina?

Daga sobik. Wasu nau'o'in yis da fumfuna suna yanke masa kai, su fitar da iskar kabon, abin da ya rage ya zama wani sinadari mai tashi a iska da ake kira 1,3-pentadiene, mai wari kamar kananzir ko roba. A yis ɗin burodi ƙwayoyin gado biyu, PAD1 da FDC1, su ne ke da alhakin wannan. Idan aka ji warin, alama ce cewa an cinye maganin, abin shan ya zama ba shi da kariya.

Me zai hana in ninka abin da nake zubawa in huta?

Abu uku. Na ɗaya, a yawan da ake sawa a abinci waɗannan asid ba kashe yis suke yi ba, tsayar da shi suke yi, su tsawaita lokacin da yake ɗauka kafin ya fara haihuwa. Ba sa gyara abin da ya riga ya fara lalacewa. Na biyu, benzowet idan ya yi yawa yana kartar maƙogwaro, mai saye zai ji. Na uku, akwai doka. A Tarayyar Turai iyakar benzowik a lemo miligram 150 ce a lita, sobik kuma 300 idan shi kaɗai ne. A Najeriya maganar ta fito fili a 2017, lokacin da wata Babbar Kotun Jihar Legas ta umarci hukumar NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a kan wasu lemukan kwalba game da shan su tare da bitamin C. A bayanin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a lokacin, ta ce iyakar Najeriya miligram 250 ce a kilo, kuma bambancin yana da nasaba da zafin ƙasa. Tushen damuwar shi ne benzowet da bitamin C, idan suka haɗu da zafi da haske, suna iya samar da ɗan benzin, sinadarin da ke jawo sankara.

Miligram 250 rubu'in gram ne a lita guda. Babu cokalin da zai auna wannan daidai, sai ƙaramin sikeli.

Masu burodi suna sa irin wannan a kwaɓi, me ya sa bai hana shi tashi ba?

Saboda sun zaɓi wanda yis ya fi jurewa. Kalsiyom furofiyonet yana hana fumfuna da bakteriyar da ke sa cikin burodi ya yi yauƙi, amma a adadin da ake sawa tasirinsa a kan yis kaɗan ne. Sobet kuwa yana danne tashin kwaɓi, don haka ko a fesa shi a bayan burodi bayan gashi, ko a bar shi ga kek da sauran abin da ba yis ke tayar da shi ba.

Mu da muke sha fa, ba ya shiga ƙwayoyin jikinmu haka?

Yana ratsa bangon ciki da hanji ya shiga jini, amma tarkon asusu ba ya kama mu yadda yake kama yis. Jini yana pH 7.4, a can kusan dukansa a rabe yake, kuma babu wata babbar tazara tsakanin waje da cikin ƙwayoyinmu da za ta sa ya taru. Hanta tana haɗa benzowik da wani sinadari mai suna gilaisin, ya zama asid hifurik, ya fita ta fitsari. Sobik kuwa jiki yana ƙona shi kamar yadda yake ƙona maiƙo. Kyanwa ce hantarta ba ta iya sarrafa benzowik da kyau, don haka a kiyaye ta.

Wanne ake fara zubawa, maganin ko tsamin?

Maganin. A narkar da benzowet ko sobet a ɗan ruwa mai tsabta, a zuba cikin babban haɗin, a juya sosai ya bazu ko'ina, sannan a kawo sitirik ko ruwan lemon tsami. Idan aka haɗa garin da tsami mai ƙarfi a ƙaramin kofi, nan take zai koma asid na haɗe da yawa fiye da abin da ruwan zai iya ɗauka, sai ya fito fari-fari yana yawo a sama ko ya kwanta a ƙasa, kuma wanda bai narke ba ba zai kai ga fatar yis ba. A zoɓo da tsamiya, da yake tsaminsu a jikinsu yake, sai a tsinka ruwan maganin sosai, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan ana juyawa. Sobik ya fi saurin yin wannan, domin gram ɗaya da rabi da 'yan kai kawai yake narkewa a lita.